Furen Kabari a Ɗakin Baba Firmin

Madam Odile ba ta ko zauna ba. A tsaye ta yi maganar, a bakin ƙofar kicin, waya a hannu ɗaya, jaka a ɗaya.

"Felicity, likita ya ce Baba ya ƙara ramewa. In watan nan ya ƙare bai koma cin abinci ba, gidan jinya zan kai shi, su sa masa roba ta hanci. Ba laifinki ba ne. Amma kin gane inda na dosa."

Felicity ta gane sarai. Ranar da tsohon ya bar gidan nan, ranar aikinta ya ƙare, bizarta kuma da sunan gidan aka yi ta. Daga nan sai 'yan kwanakin alfarma, sai jirgin Abuja, sai motar Kafanchan, ta sauka a Kagoro da akwati ɗaya, ta rasa abin da za ta gaya wa 'yarta Irene da ta fara karatun jinya a Jos bara. Ta ce, "Na gane, Madam." Ta juye miyar da ta dawo daga ɗakin tsohon ko cokali ba a tsoma ba.

Da Ingilishi suke magana da Madam. Da tsohon kuwa babu yaren da ake magana. Baba Firmin ya haura tamanin. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da shi a ƙauyensu can Faransa, 'yarsa tilo ta je ta ɗauko shi ta kawo shi Dubai, inda take aiki a wani kamfanin jiragen sama. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da ɗan Ingilishin da yake ji, ya bar masa Faransanci. Faransancin ma ya rufe bakinsa a kai. Tun da Felicity ta kama aiki, sai ta yi masa wanka, ta sa masa kaya, ta zaunar da shi a kujera mai taya gaban taga, ya wuni yana kallon katangar maƙwabta. In ta kawo cokali ya kau da kai, ba faɗa, ba tsaki.

Mutum ɗaya ne a gidan ke jin yarensa in ban da Madam, shi ne Malam Haidar direba, mutumin Damagaram, wanda ya yi shekaru yana tuƙa Faransawa a Yamai kafin ya zo nan. Shi Felicity ta tare da rana a inuwar gareji, yana shan shayinsa.

"Malam Haidar, wai tsohon nan me yake yi a garinsu?"

"Gari? Malama nas, kin girmama wurin. Ƙauye ne, Lavernac. Madam ta nuna mini hotonsa. Da kin shiga da mota, kafin ki sa giya ta biyu kin fita."

"Ni sana'arsa na tambaye ka."

"Manomi ne. Bishiyoyi gare shi, na wannan gyaɗar Turawa mai ƙoƙo da kuke saye da tsada a kanti. Da lambu. Madam ta ce hannunsa bai taɓa rabuwa da ƙasa ba."

Felicity ta waiwayi gidan. Tayil daga ƙofa har bayi, ciyawar tsakar gida ta roba, iska ta na'ura. Ta ce a ranta, mutumin da ya tsufa da ƙasa a ƙarƙashin farce an kawo shi inda ko tururuwa ba ta da wurin tona rami.

Ranar Lahadi, da aka tashi daga coci, ba ta koma ɗakin da take haya da wasu mata a Hor Al Anz ba. Ta bi Dickson, ɗan Zonkwa, wanda ke haɗa bututun ban-ruwa a wata gonar renon shuke-shuke a Al Warsan. Zafi ya fara sauka, ƙarshen Oktoba ne, rumfunan sun cika da sabon kaya. Ta yi ta zagaye har idonta ya faɗa kan wasu tukwane a jere, furanni cunkus kamar an ɗaure damin rana, wasu ruwan ɗorawa, wasu ja-ja kamar tsatsa.

Dickson ya ce, "Waɗannan yanzu suka shigo. Ba sa mutuwa da wuri, ko kin manta da ruwa. Ɗauki ruwan ɗorawan, sista, shi ya fi faranta rai. In tsohon bai yi murmushi ba ki dawo mini da shi."

Ta rungumo tukunyar a bas, ta rungumo ta a jirgin ƙasa, mutane na kauce mata.

Litinin da safe ta ajiye ta a kan ɗan teburin da ke gefen gadon Baba Firmin, daidai inda idonsa zai sauka in ya farka. Tana gyara labule Madam ta shigo sumbatar mahaifinta kafin ta fita, kamar kullum. Taku biyu ta yi ta tsaya. Felicity ta ga jini ya bar fuskar matar.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce, Madam. Na ga kamar..."

"A gefen gadonsa? A kansa?" Muryarta ƙasa-ƙasa take. "Kwanan nan na gaya miki halin da yake ciki, shi ne kika ga ya dace ki... Fitar da shi. Kafin ya buɗe ido. In na dawo za mu yi magana, kuma ba na jin sai mun jira ƙarshen wata."

Ta fice. Felicity ta tsaya riƙe da labulen, ta kasa gane ko me ta yi. Ta duba furen ko akwai ƙwaro. Ta sunsuna. Ta ɗauke tukunyar ta kai bayan ƙofar kicin, ta koma ta shirya tsohon, sannan ta zauna a kan kujerar roba har Haidar ya dawo daga kai Madam ofis.

Da ya ga tukunyar sai ya dafe kai.

"Kai, kai, kai. Ashe abin da ya sa ta yi ta share hawaye a mota ke nan. Malama nas, wa ya aike ki?"

"Fure ne fa, Malam Haidar."

"A wurinki. Wannan sunansa kirizantem. Bafaranshe ba ya kai wa mai rai shi. Na makabarta ne. Ranar ɗaya ga Nuwamba suna da wata salla, Tusan, kowa ya ɗauki irin wannan tukunya ya kai kan kabarin nasa. A Yamai ni nake ɗaukar wa patron, wato maigidana, har daga waje ake kawo musu. Ke kuwa kin ɗauka kin dasa wa mara lafiya a ka. Kamar ki je dubiya asibiti da likkafani a leda."

Felicity ta rufe baki da hannu. A cocinsu ba a wannan biki, ba ta taɓa ji ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Ku mutanen Najeriya komai kun sani. Bon, ɗauko mu jefa a shara, in ya so da yamma na ba ta haƙuri, na ce rashin sani ne."

Hanyar shara ta gaban ɗakin tsohon take. Felicity ta riga ta tashe shi ta zaunar da shi, ƙofar a buɗe. Tana wucewa da tukunyar ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji a gidan ba, kamar an ja tsohuwar ƙofa. Ta tsaya. Baba Firmin ya juyo daga taga, hannunsa na hagu a miƙe, yatsun na kiranta.

Ta dubi Haidar. Haidar ya ɗaga kafaɗa. Ta shiga.

Tsohon ya jawo tukunyar kan cinyarsa. Bai kalli furen ba tukuna. Yatsa ya tura cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, ya zaro, ya murza, ya kai hanci. Sannan ya yi magana, kalmomin na fitowa a karkace ta gefen baki. Haidar ya sunkuya ya kai kunne.

"Ya ce an cika mata ruwa. Ya ce wane jaki ne ya yi wannan shukar."

"Ka ce masa sunan jakin Dickson."

"Yana tambaya yau nawa ga wata."

Da aka gaya masa sai ya shiga ƙirga wani abu da leɓe. Ya sake magana, wannan karon doguwa.

"Ya ce saura mako guda ke nan. Ya ce a nan ba a gane lokaci, kullum rana ɗaya ce, ganye ba ya faɗuwa. Ya ɗauka har yanzu bazara ake."

Felicity ba ta san abin da ya shiga kanta ba. An riga an kore ta ko saura kaɗan, babu abin da za ta ƙara ɓatawa. Ta ruga kicin ta haɗo tire: burodi, cuku, dafaffen ƙwai, inabi, ruwa. Ta ɗora a kan allon kujerarsa, ta ce wa Haidar, "Ka ce masa ni ban san garinsu ba. Ina makabartar take? Daga gidansa ta ina ake bi?"

Baba Firmin ya dube ta, karo na farko da ya dube ta a ido. Ya miƙa wa Haidar tukunyar ya riƙe masa. Ya ɗauki adikon goge baki, ya murɗe shi da hannu ɗaya, ya shimfiɗa shi a karkace daga wannan kusurwar tire zuwa waccan.

"Wannan kogi ne," in ji Haidar. "Ƙarami. Ya ce da rani yaro ma tsallake shi yake, amma in ya cika da hunturu har cikin coci ya taɓa shiga. Akwai zane a jikin bango inda ruwan ya tsaya zamanin kakansa."

Cokali ya zama gada, ta dutse, wadda ya ce ta girmi duk wani sarki da aka rubuta sunansa a littafin makaranta, kuma har yau motar madara a kanta take wucewa. Ƙoƙon gishiri ya zama wurin wankin mata, wani tafki mai rufi a bakin gada, inda uwarsa ta durƙusa tana bugun kaya har gwiwoyinta suka lalace. Yanzu furanni aka rataya a wurin, baƙi na ɗaukar hoto. Cuku ya zama coci. Burodi ya raba biyu: rabi ya zama tudun da ke arewa, farin dutse ne mai shanye ruwa, sama za ta kwana tana zuba a wayi gari ƙasa a bushe, sai ruwan ya ɓullo can ƙasa a marmaron tsakiyar gari. Ɗaya rabin ya zama gidan burodi. Ƙwai ya zama makaranta, wadda kuma ita ce ofishin magajin gari, ƙofa biyu, ɗaya an rubuta maza, ɗaya mata. Sannan ya shiga tsinke inabi yana jerawa, ɗaya bayan ɗaya, a gefen kogi da gindin tudu.

"Gidaje ke nan. Ya ce da yana yaro, ran kasuwa ba ka samun wurin ɗaure jaki. Akwai maƙeri, akwai injin matsar man gyaɗar nan tasu, akwai mashaya biyu, ta masu zuwa coci da ta waɗanda ba sa zuwa, ba sa ga-maciji da juna. Yanzu duk garin ba su cika ɗari ba."

Felicity ta nuna wani inabi a bakin gada. "Wannan gidan wa?"

Tsohon ya faɗi wani suna. Sai ya ɗauke inabin ya jefa a baki.

"Ya ce babu kowa a ciki. Sun mutu, yaran suna birnin Tuluz."

Felicity ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye lafiya, bai ƙware ba. Ta danne murnarta, ta nuna na kusa da shi.

"Wannan fa?"

Wannan na wasu 'yan'uwa uku ne da aka kwashe yaƙin duniya na farko, babu wanda ya dawo. Sunayensu na jikin dutsen tunawa da ke gaban coci, a jere, sunan gida ɗaya sau uku, kuma tun daga lokacin gonarsu ta koma daji. Ya cinye shi. Na gaba wasu 'yan Holan suka saya, wata ɗaya suke yi a shekara, su rufe tagogi su tafi. Ya yi shawara da kansa, ya gatsa rabi ya mayar da rabi. Haidar ya fashe da dariya har tukunyar na girgiza.

Makaranta an rufe ta shekarar da yara suka rage biyar, bas ke kwasar su zuwa wani gari. Ya ci ƙwan, a hankali, Felicity na tare masa haɓa da tawul. Gidan burodi ya mutu tare da mai shi, yanzu wata mota ke zuwa ta yi oda a dandali, tsofaffi su fito da silifa, nan ake jin wa ya kwana lafiya, wa aka kai asibiti. Ya tsoma wannan rabin burodin a ruwa ya ci. Cocin ma, ya ce, fada sau ɗaya yake zuwa a wata, ƙararrawa kuma na'ura ke kaɗa ta, amma bai taɓa cukun ba. Magajin garin mace ce mai kiwon awaki, ita ke ɗaura aure, ita ke kiran mai gyaran fitilar titi.

Tun tana nunawa da zumuɗi har hannunta ya fara nauyi. Ta lura duk lomar da take murna da ita, gida ne da ya mutu. Tiren ya yi fili. 'Yan inabi kaɗan suka rage, da coci, da gada, da tudu.

Daga ƙarshe ya ɗauki ƙaramin farantin kofi ya kifa a kafaɗar tudun. Ya bi da yatsa daga wani inabi, ya haye cokali, ya zagaya cuku, ya haura.

"Makabarta ke nan. Ya ce hawan na da wuya, a baro yake tura tukwanen, sai ya yi sawu da yawa."

"Tukwane nawa mutum ɗaya zai kai? Ba matarsa ce kaɗai ba?"

Haidar ya tambaya, ya saurara, dariyar ta bar fuskarsa.

"Akwai matarsa, Léonie, da iyayensa. Amma ya ce a can, in kabari ya daɗe ba mai kula da shi, ciyawa ta rufe, dutse ya fashe, sai hukumar gari ta kafa masa ɗan allo. In an yi shekaru ba wanda ya zo, a kwashe ƙasusuwan a tara wuri guda, a ba wani filin. To duk gidajen nan da ya cinye, shi yake shuka musu furen a lambunsa. Ya wanke duwatsun, ya cire ciyawa, ya ajiye wa kowa tukunyarsa, don in an zo dubawa a ga kamar da masu su. Ba wanda ya sa shi. Ya ce bana bai san wa zai yi ba."

Tsohon ya nuna Felicity da haɓa, ya yi gajeriyar tambaya.

"Ya ce ku fa, ina kuke kai naku?"

"Mu a gida muke binnewa. Babana yana bayan ɗakinsa, gindin mangwaro, dutsen Kagoro na kallonsa."

"Ya ce wa ke share masa?"

Ta buɗe baki. Ƙanenta ya koma Kaduna tun bayan rasuwar mama, gidan da kwaɗo. Ta ce, "Ka ce masa akwai maƙwabta." Ba ta sani ba ko gaskiya ta faɗa.

Haidar ne ya buga wa Madam waya a ɓoye. Kafin la'asar sai ga ta a tasi. Ta tsaya a ƙofar ɗakin, jaka a kafaɗa, tana kallon mahaifinta da ɓarɓashin ƙwai a gemu yana gardama da direba a kan ko akuya ta fi tunkiya wayo. Ta kalli tukunyar da ke kan taga. Ta kalli tiren. Ta matso, ta tsinki inabi ɗaya ta ajiye a bayan cuku, ta ce wani abu da Faransanci.

Haidar ya raɗa wa Felicity, "Ta ce ya manta gidan Paulette, maƙwabciyarsu. Ya ce bai manta ba, ɓoye ta ya yi, don surutu gare ta."

Uba da 'ya suka daɗe suna magana. Felicity da Haidar suka ba su wuri.

Washegari Madam ta zauna a kicin, ta ce Felicity ma ta zauna.

"Jiya na yi miki rashin adalci. Ranar da aka binne mahaifiyata, irin furen nan ne ko'ina. Ki yi haƙuri." Ta juya kofinta. "Baba yana so ya je gida sallar Tusan. Na kira likita, ya ce shi a takarda ba ya ganin abin da zai hana, amma tafiyar doguwa ce, jirgi sannan mota. Ya ce in tambayi wadda ke tare da shi kullum, ko zai iya zama tsawon haka, ko yana haɗiya ba matsala. Ke ce kika sani. In kin ce bai iya ba, na gaya wa Baba likita ya hana, khalas, shi ke nan, mu ci gaba yadda muke, tunda ya fara ci."

"In ya je, yaushe zai dawo?"

Madam ta ɗago ido. "Ba zan ɓoye miki ba. In ya taka gidan nan nasa, babu mai sake fitar da shi. Paulette na nan, akwai nas da ke zagaya ƙauyukan kowace safiya. Ke kuma bizar Faransa ba ta samuwa a 'yan kwanakin nan, ko ta samu ba ni da hurumin ɗaukar ki aiki a can."

Felicity ta ce a ba ta zuwa azahar.

Haidar na jin labarin ya ajiye kofin shayi. "To me kike jira? Ki ce bai iya ba. Ƙarya ce? Tsoho ne, ɓari guda. Can sanyi ake shiga, gidan dutse, asibiti sai an yi tafiya. Nan kuwa ga likita a bakin ƙofa. Kin cece shi, kin ceci kanki. Voilà."

"Ka tabbata can zai fi saurin mutuwa?"

"Ni direba ne. Amma na san ke kina da yarinya a makaranta."

Maganarsa ba ta da ƙarya, shi ya sa ta yi mata nauyi. Tana yi wa tsohon aski tana juya ta. Wataƙila sanyin ya kama masa ƙirji kafin Kirsimeti. Wataƙila kuma in aka ce masa an hana, ya mayar da fuska ga katanga, bakin ya sake rufuwa, a kai shi gidan jinyar dai, ita ma ta tafi, sai dai ta ci albashin wata ɗaya ko biyu kafin nan. Wataƙila kuma ya haƙura ya rayu shekaru a gaban tagar, tana share masa baki, Irene ta gama karatu. Babu wanda ta sani a cikin ukun. Abin da aka tambaye ta kaɗai ta sani, ko za ta iya sani.

Sai ta gwada shi, ba sassauci. Ta ba shi ruwa a kofi, ta sa yatsu a maƙogwaronsa. Ta ba shi abu mai kauri, ta ba shi mai ɓarɓashi. Ta zaunar da shi a kujerar falo mai tauri, ta ɗaure shi da ɗankwali kamar bel ɗin kujerar jirgi, ta bar shi tun hantsi, tana duba ƙafafunsa ko sun kumbura, tana auna jininsa. Ta sa ya tashi daga kujera zuwa keke, daga keke zuwa bayi. Baba Firmin ya gane jarrabawa ake yi masa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, hannun hagun na damƙe da sanda, amma ko sau ɗaya bai nemi a taimake shi ba. Da ya zauna na ƙarshe ya dube ta yana haki. Bai roƙe ta ba. Jira kawai yake.

Ta iske Madam a falo.

"Zai iya."

Madam ta runtse ido.

"Amma kujerar bakin hanya za ki karɓa masa, kusa da bayi. Kada a ba shi ruwa yana kishingiɗe. Ki riƙa motsa masa ƙafa. In kun sauka kada ku kama hanyar ƙauyen a ranar, ku kwana. Hawan tudun nan kuma a mota, ko zai yi ta zagi. Tukwanen a samu mai ɗauka."

"Felicity, zan biya ki har ƙarshen wata mai zuwa, zan kuma tambayi abokan aikina ko akwai mai neman nas. Ban yi miki alkawarin za a samu ba."

"Na gode, Madam. Ina kayan sanyinsa suke?"

Suna cikin wani akwati a ɗakin ajiya, ba a buɗe shi ba tun zuwansa. Ta ciro wata babbar riga mai nauyi, ruwan ƙasa, gwiwar hannun da faci, tana warin hayaƙin itace. Haidar ya leƙo ya gan ta tana kakkaɓewa.

"Kin faɗa mata ke nan."

"Na faɗa."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Mutum ya kori kansa da bakinsa." Ya sosa ƙeya. "Akwai wani Balabanon a Al Qusais da nake ji uwarsa ta karye a ƙugu. Masifaffiya ce, nas uku ta kora. In kai ki ran Asabar?"

"Kai ni."

Ta kai rigar ɗakin tsohon ta zura masa. Ya nutse a ciki, kafaɗun sun zubo, gaba ya yi masa yawa kamar na aro. Ya dubi kansa, ya yi wani guntun tsaki. Felicity ta cire masa, ta nemo allura da baƙin zare, ta zauna a bakin gado ta fara matso da maɓallan ciki.